Ɗaurin Kande

Duk wanda ya san kasuwar Gatawa ya san ɗaurina. Ba yabon kai nake ba, ku tambaya. Wake nake saye da kaka in ajiye, in fitar da shi da bazara, kuma shekarun da na yi ina wanga aiki ban taɓa buɗe buhu na tarar da gari ba. Sirrin ba wani abu ba ne, iska ce. Leda biyu a ciki, buhu a waje. Ka matse kowace leda har ta kwanta a jikin waken, ka murɗe bakin, ka lanƙwasa, ka naɗe da robar tayar babur, ka ja har yatsunka su yi fari. Ƙwaron da ke ciki ba ya buƙatar guba. In ka kara kunne a jikin buhun ranar farko za ka ji su suna ci, ƙas-ƙas-ƙas. Bayan kwana biyar ƙarar ta ragu. Kwana goma, tsit. Mata har daga Bafarawa suke kawo mani buhu in ɗaure masu, don nasu ɗaurin na ragwaye ne, kuma a gaban idonsu nake gaya masu haka.

To, da wanga hannu na ɗaure ƙafar babana.

Shekarar ce da ruwa ya yi mana wasa da hankali. Ya sauko sau biyu a farkon damina, kowa ya ruga ya shuka, gero ya fito har ya kai tsawon yatsa, sai sama ta bushe. Kwana talatin da huɗu ba ɗigo. Shuka ta ƙone a tsaye. Yayyena maza biyu sunka ɗaure kaya sunka yi kudu neman abin da za a ci, maigidana kullum shina kan kabu-kabu tsakanin Sabon Birni da Isa, innarmu kuwa ta daɗe da rasuwa. Saboda haka Baba ya zama nawa ni kaɗai. Malam Na'Allah ake ce mashi a gari. Ni ke kai mashi tuwo, ni ke wanke mashi riga, ni ke yi mashi faɗa in bai ci ba.

Tun da rani wani ƙari ya fito mashi a sha-raɓar hagu, kamar ƙwan zabo, ba zafi ba ƙaiƙayi. Kafin shuka ta ƙone ya fi goruba, yana ta ƙara tudu, fatar wurin tana sheƙi. Na kira Yari wanzami ya yi mashi sakiya. Yari ya zo da ƙarfensa, ya latsa, ya sake latsawa, sai ya mayar da ƙarfen cikin zabira.

"Malam, wanga ba nawa ba na," in ji shi. "Daji na. Ku tahi asibiti."

Munka kai shi wani asibiti a Isa. Sunka duba, sunka rubuta takarda sunka ce sai Sakkwato, kuma kar a jinkirta. Baba ya ninke takardar ya sa cikin hula ya ce ya ji. Da munka dawo gida sai ya ce ba inda za shi. Ya riga ya yi bizne a gonarsa ta bakin hanya, wato ya zuba sauran irinsa cikin busasshiyar ƙasa ya rufe, yana jiran ruwa ya zo ya tashe shi. Shi ke nan irin da ya rage mashi a duniya. Ya ce sai ya ga tsiro da idonsa sannan ya bar gari. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi kuka. Tsohon nan in ya kafe, ko jaki ya san ya fi shi sauƙi.

Sai na kira Rahmatu.

Rahmatu ƙanwata ce, autarmu. Dokta ake ce mata, amma ko ciwon kai ba ta dubawa. Shekara goma sha ɗaya tana wata ƙasa mai sanyi, cikin wani ɗakin bincike, wai tana neman maganin daji. In ka tambaye ta marasa lafiyarta nawa, sai ta ce ba ta da ko ɗaya, ɓeraye gare ta. Fararen ɓeraye, masu lamba a kunne. Ni da na bar makaranta a aji huɗu don in goya ta a bayana, kun ga ai dole abin ya riƙa yi mani ɗaci. Ina son ta, wallahi ina son ta, amma in mutanen gari sunka ce "ɗiyar Malam Na'Allah" ba ni suke nufi ba.

Na hau tudun bayan gida inda waya ke kamawa, na gaya mata kome. Ta jero tambayoyi: girmansa, taurinsa, ko yana motsi in an taɓa.

"Yaya, ki saurare ni," ta ce. "Kar ki bari kowa ya tsaga shi. Kar a sa mashi wuta. Ki ci gaba da matsa wa Baba ya je Sakkwato. Za ni zo, amma sai na samu wanda zai riƙe mani aiki. Mako biyu ko uku."

"Mako uku? Abin kullum ƙaruwa yake. Ke ba aikinki ke nan ba? Gaya mani yadda yake, in san abin da nake kallo."

Ta ce irin wanga ƙari gaggawar girma gare shi, har yakan fi ƙarfin jijiyoyin da ke kai mashi jini. Jini kuwa shi ke ɗauke da iskar da muke shaƙa zuwa ko'ina a jiki. Don haka tsakiyar ƙarin takan zauna ba iska. Ta ce a kan wannan take aiki, ƙarin da ya rasa iska.

"In ya rasa iskar fa?" na ce.

"Tsakiyar takan mutu. Amma Yaya, abin da ya sa muke..." Sai na ji wani ya yi mata magana da Turanci. "Ki yi haƙuri, lokacin allurar ɓerayena ya yi, in ya wuce aikin wata uku ya lalace. Za ni kira ki."

Ta kira, kar in yi mata ƙarya. Sau huɗu ta kira a kwanakin nan. Ni ce ban ƙara tayar da zancen ba. Tun kafin in sauko daga tudun na gama lissafina: abu ne mai rai cikin jiki, yana ci, in ya rasa iska ya mutu. Wa ya fi ni sanin wannan a ƙasar Gobir? Ta ce kar a tsaga, ba ni tsagawa. Ta ce kar a sa wuta, ba ni sawa. Kuma gaskiyar da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau ita ce, so nake ta sauko daga mota da jakarta da gilashinta ta tarar na gama aikin.

Da na gaya wa Baba sai ya yi dariya, dariyar farko tun da shuka ta ƙone. Ya ga hanyar da ba sai ya bar gonarsa ba.

"In dai ke kinka ɗaure, Kande, ba abin da ka shaƙar iska," ya ce, ya miƙo ƙafar.

Na naɗe ƙarin da leda biyu sababbi. Na yanko roba mai faɗi, na ɗaure ƙasa da gwiwa, na ɗaure saman idon sawu, na bi tsakiya na matse. Na yi bisimilla kafin in ja. Ya cije bakin rigarsa.

Kwanakin farko nakan sassauta da safe da kuma la'asar, don zafin ya yi mashi yawa. Yakan zauna a zaure yana zufa, yana jan carbi da sauri, yana kallon gabas ko hadari zai taso. Ni kuma sai na ga ƙarin bai ragu ba. Na zauna na yi tunani, na ce Kande, ke ma kin san dalili. Wace wawuya ke buɗe buhu a tsakiyar aiki? Duk sassautawar nan iska nake ba shi. Ranar ta tara na sake ɗauri, na ja iya ƙarfina, na ce ba a ƙara taɓawa.

Kwana biyu Baba bai ci abinci ba. Ina jin nishinsa daga ɗakin girki. Sau uku na ɗauko wuƙa in yanke robar, sau uku na mayar. Shi da kansa yake hana ni, yana cewa zafin alama ce abin yana jin jiki. A rana ta goma sha biyu da hantsi na kai mashi kunu, sai na tarar ya jingina da bango, fuskarsa a sake.

"Kande," ya ce, "ya yi shiru."

Ku ji abin da na yi. Na jiƙa wake na soya ƙosai, na raba wa maƙwabta sadaka, cikin shekarar da mutane ke auna tsaba da gwangwanin madara. Murna nake, buhu ya yi tsit.

Murnar ba ta kwana biyu ba. Da na zo zuba mashi ruwan alwala sai na ga yatsun ƙafar sun yi launin toka, babban ya fara baƙi. Na taɓa, sanyi ƙalau, ga rana kamar ta dafa mutum. Na ce a raina ai ƙarin ne ke mutuwa yana fitar da dattinsa. Na samo zane na rufe ƙafar, don in ban gani ba hankalina ya fi kwanciya. Washegari wani wari ya fara tashi, na kunna turaren wuta a zauren. Jikinsa ya yi zafi, na ce zazzaɓin sauro ne, alhali ko sauro babu a shekarar, ina ruwan da zai haife shi?

Rana ta goma sha biyar, da hantsi, Rahmatu ta iso, tun mako ukun bai cika ba. Maigidana ya ɗauko ta daga tashar Sabon Birni. Ta shigo zaure da sallama tana murmushi, ta durƙusa ta gaida Baba, shi kuma yana ta "Auta, Auta, ke ce?" Sai na ga hancinta ya motsa. Ta dubi kaskon turare, ta dubi zanen. Ta ɗaga shi a hankali.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Ba ta yi ihu ba. Da ta yi, da ya fi mani.

"Yaya, kwana nawa?"

"Sha biyar. Amma shida ne ban sassauta ba. Ai ke kinka ce in ya rasa iska..."

Ban ƙarasa ba, don na ga amsar a idonta. Na zube ƙasa na kai hannu ga ƙullin robar in kwance. Sai ta cafke wuyan hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Kar ki kwance."

"Sake ni in cire mashi."

"Yaya, ƙafar ta mutu daga nan zuwa ƙasa. Dafi ya taru a ciki. In kinka kwance yanzu, jini zai kwashe shi ya kai zuciya da ƙoda, kuma ba mu da abin tare shi a nan. Robar nan ita ke riƙe da shi. Sai a gaban likita."

Ta juya ga Baba, ta ce mashi yau za a tafi, yanzu. Ya buɗe baki zai yi zancen gona. Ta ce, "Baba, in kana son ka ga tsiron nan, tashi." Sai ya laluba hularsa, takardar Isa tana ciki.

Maigidana ya samo mota a Sabon Birni. Munka kwantar da Baba a kujerar baya, kansa a cinyar Rahmatu, ƙafar a tawa. Tafiyar awa huɗu, ga ramuka. Duk ramin da mota ta faɗa sai in dafe ƙullin da hannu biyu, ina addu'a kar ya kwance. Ni da ban taɓa shakkar ɗaurina ba, ranar ina kallon robar ina ganin kamar tana tsagewa. Gonaki suna wucewa ta taga, jajaye, ba kore ko na magani.

Bayan mun wuce Goronyo na kasa haƙuri. Baba ya lumshe ido, na ɗauka barci yake.

"Ke kinka ce tsakiyar takan mutu," na ce mata ƙasa-ƙasa.

"Takan mutu. Amma ba duka ba." Muryarta a gajiye. "Wanda ya rage a gefen matacciyar tsakiyar, shi ne mugun. Ya koyi zama da 'yar iska kaɗan. Ƙwaro in ya rasa iska mutuwa yake, wanga kuwa lafewa yake ya ƙara taurin kai. Magani ba ya kai mashi, don jini ba ya zuwa wurin. Hasken da ake gasa daji da shi ma ba ya cin shi sosai. Shi ya sa nake aiki a kansa, Yaya. Don ya fi kowane wuyar kashewa. Abin da za ni gaya maki ke nan ranar."

"To me ya hana ki?"

Ni ma na san ba tambayar adalci ba ce, amma bakina ya riga ya buɗe.

"Shekara goma sha ɗaya. Ina maganin?"

Ta ce akwai wanda suke gwadawa. Wai in an sa shi a jini kwance yake, ba ya taɓa kome, kamar irin da Baba ya bizne a gona. Sai ya iso inda ba iska sannan ya farka ya zama dafi, ya kashe abin da ke wurin. Ta ce shekara huɗu sunka yi kafin su samu wanda ba ya farkawa tun a hanya.

"Madalla. Fito da shi."

"Ban zo da shi ba."

"Ba ki zo da shi ba."

"A ɓeraye muke har yanzu. Cikin goma, ƙarin ya ragu a shida. Biyu kuma hantarsu ta lalace, ba mu san dalili ba tukuna. Ba a taɓa sa wa mutum ba. Ko yana cikin jakata, ba ni sa wa Baba."

Nan fa na manta da direba, na manta da maigidana a gaba. Na ce mata ta ji kunya. Na ce ubanta na kwance yana ruɓewa ita tana can tana yi wa ɓera allura a kan lokaci. Na ce da ta bar ɓeran nan minti biyu ta ƙarasa maganarta, da ba mu cikin wagga mota. Na ce ni jahila ce, na yarda, amma ni ina nan, ita fa? Na faɗi abubuwa da yawa, wasu ba su maimaituwa. Tana ji, hawaye na zuba ta ƙarƙashin gilashin, ba ta share ba don hannayenta na tallafe da kan Baba.

"Gaskiya kinka faɗa," ta ce. "Na ba ki rabin magana na kashe waya."

Da ta yi musu da na ji daɗi. Sai Baba ya yi magana, idonsa a rufe.

"Ku bari sai na mutu ku yi rabon laihi. Yanzu ku ba ni ruwa."

A babban asibiti a Sakkwato wani likita ya karɓe mu, Dokta Kalilu, dogo, ba ya son yawan magana. Ya duba ƙafar, ya sa aka ɗaura wa Baba ruwa, ya bi robar da ido har bayan gwiwa inda ƙullin yake.

"Wa ya ɗaure wannan?"

"Ni na ɗaure abina," in ji Baba, da sauri.

Likitan ya sake duban ƙullin. Yaro ma ya san mutum ba ya yi wa kansa irin wanga ƙulli ta baya. Ya ɗauki biro zai rubuta.

"Ni ce," na ce. "Ni ɗiyarsa. Kar ka rubuta shi."

Ya ce sai an yanke, sama da gwiwa, kuma yau, in ana son ransa. Baba ya tambaya ko mai ƙafa ɗaya na iya shuka. Likita ya ce ya ga masu yi. Baba ya ce to a yi. Na bi likitan har bakin ƙofa na tare shi, na ce ya gaya mani don Allah, da ban ɗaure ba, da an cire ƙarin an bar ƙafar? Ya ce ba zai iya cewa ba sai an duba naman, kuma yanzu ba lokacinsa ba ne.

Anka shiga da shi bayan azahar. Ni da Rahmatu munka zauna a benci ɗaya, ba mai kallon wata. Duk wanda ya fito ta ƙofar nan sai na miƙe. Ana kiran la'asar anka fito da shi da rai. Maigidana ya karɓi ƙafar cikin farin ƙyalle ya kai maƙabarta, kamar yadda ake yi. Ya ce mani da robata a jiki anka rufe ta, ba wanda ya kwance.

Tun kafin a shiga da shi, Rahmatu ta roƙi Baba izni a ɗebi ƙarin a duba, ya dangwala yatsa a takarda, ya ce in ɓerayenta na so ma a ba su. Kwanakin da sunka biyo baya takan ɓace da safe ta tafi ɗakin gwajin asibitin, inda suke yanka nama siriri kamar fatar albasa su duba a madubi mai ƙara girma. Ni ina gefen gado ina korar ƙuda. Zazzaɓin ya sauka a kwana na huɗu. Amma tambayata tana nan zaune a ƙirjina, ko ruwa na sha sai na ji ta.

Rana ta tara ta kira ni waje, ƙarƙashin wani itacen dogon yaro. Ta cire gilashin ta riƙe a hannu.

"Na duba da idona, Yaya, ni da mai gwajin. Tsakiyar ƙarin ta daɗe da mutuwa, tun kafin ki taɓa shi. Tsohuwar mutuwa daban take da sabuwa, ana ganewa. Kuma gefen cike yake da irin waɗanda na gaya maki, masu zama ba iska. Irin wanda nake aiki a kai ne, sak. Ba ke kinka mayar da shi mugu ba, haka ya zo."

Na ji numfashina ya dawo. Sai na lura ba ta gama ba.

"Ƙafar fa?" na ce.

"Ƙarin ya kusa babbar jijiya, amma bai kama ta ba. Likita ya ce da wataƙila ya gwada cire shi ya bar ƙafar. Wataƙila ya yi nasara, wataƙila a ƙarshe dole a yanke. Ba wanda ya sani."

"Amma da an gwada."

"Da an gwada," ta ce.

Ina da ƙanwa da ba ta iya ƙarya ba, ko ta tausayi. Na so in mare ta, na so in rungume ta. Na zauna a kan tushen itacen na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar innarmu, ita kuma ta zauna a ƙasa kusa da ni da tsadadden zanenta. Ta ce sauran aiki, za a riƙa kawo Baba ana duba huhunsa duk wata uku, don irin wanga yakan yi tafiya. Ta ce za ta koma jibi. Wanda ya riƙe mata ɓerayen ya gaji, kuma akwai biyun nan masu lalatacciyar hanta da take son ta san dalilinsu. Wannan karon ban ce mata kome ba a kan ɓeraye.

Ranar da za a sallame mu, wata nas mai suna Larai ta zo da bandeji mai talewa, irin mai kama da roba. Ta ce dungun ƙafar sai an riƙa naɗe shi kullum da safe, a matse sosai, in ba haka ba zai kumbura, ya ƙi warkewa da kyau, ƙafar roba ma ba za ta zauna ba in an samu. Ta naɗa sau ɗaya muna kallo, ta kwance.

"Wa zai riƙa yi mashi a gida?"

Rahmatu jirginta gobe. Maigidana kafin rana ta fito ya bar gida. Ba wanda ya dube ni, kuma duk ni suke nufi.

Na karɓi bandejin. Na durƙusa gaban gado, na fara naɗawa. Hannun nan da mata ke zuwa daga Bafarawa don shi, sai ga shi ya kasa matsewa. Na zagaya sau uku, na soke bakin. Larai ta sa yatsa ta ja, duk ya zame ya faɗo a kan zanen gado.

"Haba baiwar Allah, wannan ai ko kan jariri ba zai riƙe ba. Ki ja da ƙarfi. Ba ki taɓa ɗaure kome ba ne?"

Rahmatu ta buɗe baki, Baba ya ɗaga mata hannu. Na sake naɗawa. Da na zo wurin ja sai yatsuna sunka ƙi. Ina ganin leda, ina jin warin turaren nan. Na ce ba ni iyawa, a nemo wani, a biya shi ko nawa ne.

"Kande," in ji Baba.

Ban ɗago ba.

"Kande, dube ni. Waccan ni na miƙa maki ita, ba ki kama ni da kokawa ba. Wagga ma ga ta na miƙo. Ba ni da wani mai ɗauri sai ke. Ja."

Na ja. Ina kuka ina ja, har Larai ta sa yatsa ta ce ya yi, haka ake so.

Ruwa ya sauko bayan mun koma gida da kwana shida. Biznen ya tsiro, rabi, maigidana ya ɗauki Baba a babur ya kai shi ya gani. Shukar ba ta yi wani abin kirki ba a ƙarshe, damina ta riga ta ƙure. Rahmatu tana kira duk Juma'a, kuma yanzu ba ta kashe waya sai na ce na gane, ni ma ba ni cewa na gane sai na maimaita mata abin da ta faɗa.

Har yau ni ke naɗe dungun kowace safiya. In na gama sai in zauna in jira kaɗan, sannan in tambaye shi ko da ciwo. Ya san abin da nake son ji. In ya ce akwai ɗan zafi-zafi, sai in tashi in ɗora kunu. Ranar da ya manta ya ce mani shiru yake ji, kwancewa nake in duba.